Ku Tambaya Mu Amsa: Hanyar ƙauyenmu ta wa ce, ta mer ko ta Yawunde?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da damina ta kankama saƙonnin da ke shigo mana kusan duk magana ɗaya ce, hanya, hanya, hanya. A nan arewacin Kamaru, daga Benuwe, daga Mayo-Luti, daga Diyamare har Logon-da-Shari kukan iri ɗaya ne, shi ya sa wannan makon na ware filin gaba ɗaya ga wannan batu. Na taƙaita wasu saƙonnin saboda tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye cikin Diyamare, tsakaninmu da kwalta bai kai kilomita 15 ba amma wallahi in ruwa ya sauka sai mu zama kamar waɗanda aka kulle a ɗaki, mota ba ta shigowa sai dai kilando mai hayar mashin, shi ma a wajen mayo, wato rafi, sai an ɗauki mashin ɗin a kai. Mun je wajen mer, wato shugaban komin ko ƙaramar hukuma, ya ce babu kuɗi, mun je wajen superefe ya ce ba aikinsa ba ne, to don Allah hanyar nan ta wa ce? Daga wani manomi, Diyamare.

AMSA: Barka kadai ɗan uwa, Allah ya sa albarka a gona. Toh maganar gaskiya superefe bai yi maka ƙarya ba, shi wakilin gwamnati ne mai kula da mulki da zaman lafiya, ba shi da kasafin gyaran hanya a hannunsa. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne a Kamaru kowace hanya tana da mai ita a rubuce. Tun dokar shugaban ƙasa ta 2017 aka raba hanyoyi gida huɗu: otorut wato manyan tituna masu hannu biyu, sai hanyoyin gwamnatin ƙasa wato nasiyonal, sai na rejiyon wato yanki, sai na komin. Babbar hanyar da ta taso daga Yawunde ta bi Ngaundere ta ratsa Garwa da Marwa da Mora ta nufi Kuseri, wato nasiyonal lamba 1, wannan ta gwamnatin Yawunde ce, ma'aikatar ayyuka ke da ita, mer ko da ya so ba hurumin sa ba ne. Waɗanda ke haɗa manyan garuruwan cikin rejiyon an miƙa su ga majalisar rejiyon. Sauran kuma, irin taku da ke fita daga ƙauye zuwa kasuwa ko zuwa bakin kwalta, mafi yawansu na komin ne, kaga kenan ƙofar da kuka fara ƙwanƙwasawa ita ce daidai.

Sai dai "babu kuɗi" ɗin nan yana buƙatar a buɗe shi a ga cikinsa. Wani lokaci gaskiya ne babu, wani lokaci kuma ma'anarsa hanyarku ba ta cikin kasafin bana, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban. Mer ba ya tashi da safe ya ce a kai gireda wuri kaza don an zo an yi masa kuka. Abin da majalisar komin ta zauna ta amince da shi a ƙarshen shekara, wajen Nuwamba zuwa Disamba, perefe kuma, wanda ke sama da superefe, ya sa hannu, shi ne zai iya kashe wa kuɗi a shekarar da ke biye. Mu kuwa yaushe muke zuwa meri, wato ofishin mer? A watan Agusta, lokacin da mota ta kafe da buhunan albasa a cikin laka, lokacin kuwa an riga an gama rabon tun watanni takwas da suka wuce. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin nan, muna kuka a damina alhali ana yanke hukunci a kaka, lokacin da hanya ta bushe kowa ya manta ya shiga hidimar girbi da auduga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni na sha zama a irin wannan zaman majalisa, a benci na baya, don doka ta ce zaman a buɗe yake ga jama'a sai in an yanke a rufe don wani dalili. Akwai wanda ba na mantawa da shi a wata komin da ba zan ambaci sunanta ba. Kansiloli 31, zafi kamar me, fanka ɗaya ke juyawa a sama, an raba musu kundin kasafi mai kauri da Faransanci da safiyar ranar, wasu dattawan ko buɗe shi ba su yi ba sun ɗora hularsu a kai. Sakataren meri yana karanta lambobi da sauri ana cewa an amince an amince. Sai wata Hajiya kansila ta ɗaga hannu ta ce a dakata, ita tana son a nuna mata layin da aka sa kwalbatin ƙauyensu, don bara an ce bana, kuma mace biyu suka haihu a bakin mayon nan a kan amalanke. Ɗakin ya yi tsit. Aka yi ta jujjuya takardu, babu. Ta ce to ita ba za ta ɗaga hannu ba sai an sa, wasu uku suka mara mata baya, aka tafi hutun sallar azahar aka dawo an rage kuɗin wani gyaran ofis an saka kwalbatin. A bencin jama'a kuwa mu huɗu ne kacal, ni da wani ɗan jarida da masinja da wani yaro mai sayar da ruwa.

Saboda haka ga shawarata. Ku nemi kansilan da ya fito daga ɓangarenku tun yanzu, ku zauna da shi gaban jauro ko lawan, ku rubuta takarda da sa hannun mutane, ku kai meri a buga muku hatimin karɓa ku riƙe kofi ɗinku. Kada ku rubuta "a gyara mana hanya" kawai, wannan ba ya shiga kasafi. Ku ce wuri kaza muna son radiye, wato daɓen siminti da mota ke bi ta haye ruwa, a kan mayo, wuri kaza kwalbati biyu, daga nan zuwa nan a zuba jar ƙasa. Sannan ku tambaya ko hanyar tana cikin kundin tsarin raya komin, wanda ake kira PCD, don abin da ba ya ciki da wuya ya samu kuɗi ko daga ina. Ranar zaman kasafi kuma ku cika mota ku je ku zauna a bencin nan, ba za a ba ku magana ba amma kansila yana magana daban in ya san mutanen garinsu na bayansa suna ji.

TAMBAYA: Malam ni 'yar kasuwa ce ina sayar da busasshen kifi, duk ranar kasuwa sai an yanka mana tikiti, mai mashin yana biya, mai shago yana biyan lampo, mai shanu yana biya, toh ina kuɗin nan suke zuwa da har hanyar shiga kasuwar ma ta gagara? Daga wata Hajiya, yankin Benuwe.

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara kasuwa, tambayarki tana kan hanya. Kuɗin tikitin kasuwa da na tasha da na dabbobi da na mahauta, waɗannan na komin ne kai tsaye, ya kamata su shiga asusun da ke hannun ma'ajin komin. Amma in kika haɗa su duka, a yawancin ƙananan komin ɗinmu na karkara ba su kai su biya albashin ma'aikata da man mota ba balle hanya, kuma wani ɓangaren ma ba ya isa asusun, yana zubewa tsakanin hannun mai yanka tikiti da teburin ma'aji. Shi ya sa kullum nake cewa ki karɓi tikitinki, kada ki yarda da "kawo rabi ba sai na yanka ba", rabin nan da kike ganin kin ci riba shi ne ramin da ke ƙofar kasuwa.

Babban abin da ke riƙe da komin yana zuwa ne daga sama. Akwai ƙarin kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan wasu harajin gwamnati kamar TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ana tattarawa a raba wa komin, kuma FEICOM, wato asusun da aka kafa tun 1974 wanda ake wa laƙabi da bankin komin, yana cikin wannan rabon, yana kuma ba da rance ko tallafi don gina kasuwa, meri, rijiyoyi da makamantansu. Sai kuma kason da dokar 24 ga Disamba 2019 ta tanada, wadda ta ce abin da gwamnati za ta ware wa komin da rejiyon kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarta. A takarda kenan. Masu riƙe da meri sun daɗe suna ƙorafin abin da ke iso su bai kai haka ba, kuma yakan zo a makare. Daga 2019 an fara ba kowace komin cikin 360 ɗin da muke da su sefa miliyan 100 a shekara don ayyuka, ga kuma ɗan abin da ma'aikatar ayyuka da asusun hanyoyi, wato Fon Rutiye, ke turowa don gyaran hanyoyin karkara.

Miliyan 100 a kunne kamar duniya ce, amma Hajiya kilomita ɗaya tak na kwalta mai kyau yana cin ɗaruruwan miliyoyi, kinga ko an zuba kuɗin shekara gaba ɗaya ba zai kai ki daga kasuwa zuwa tasha ba, ga ajin makaranta na jira, ga rijiyar burtsatse, ga ɗakin haihuwa. Don haka duk ɗan takarar mer da ya zo ya ce zai shimfiɗa muku kwalta da kuɗin komin, ki tambaye shi daga wane aljihu. Abin da komin za ta iya da gaske shi ne jar ƙasa, magudanar ruwa, kwalbati da radiye, kuma wallahi in an yi waɗannan da kyau sun isa su canza rayuwar kasuwa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, dokar nan ta 2019 ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar ya nemi a nuna masa kasafi da bayanan zaman majalisa da lissafin abin da aka kashe, har ya ɗauki kofi da kuɗinsa. Ke mai biyan haraji ce duk mako. Ku haɗu da shugabar 'yan kifi da sarkin kasuwa ku je ku nema cikin ladabi, ku duba nawa aka rubuta kasuwarku ta kawo a bara, ku kwatanta da yawan rumfunan da kuka sani. Daga nan magana za ta fara.

TAMBAYA: Ni ɗan Garwa ne amma ina yawan shiga Yola da Mubi fatauci. A can ina ji ana cewa majalisar jiha ta zauna ta amince da kasafin gwamna, ta sa hanya kaza a gaba. Mu a nan me ya sa ba mu da irin wannan? Wannan majalisar rejiyon da ake faɗa ba ita ba ce? Daga wani ɗan kasuwa, Garwa.

AMSA: Alhaji sun yi kama a ido amma ba ɗaya ba ne. Najeriya tarayya ce, jiha tana da gwamnan da jama'a suka zaɓa da majalisar da ke yin doka ta kanta, ita ke amincewa da kasafin jiha. Kamaru kuwa ƙasa ce dunƙulalliya, doka a Yawunde kaɗai ake yin ta, gwamnan rejiyon naɗa shi shugaban ƙasa ke yi, kamar perefe da superefe. Majalisar rejiyon tana cikin kundin tsarin mulki tun 1996 amma sai ranar 6 ga Disamba 2020 aka yi zaɓenta na farko, shekara 24 ana jira. Mutum 90 ne a kowace rejiyon, 70 daga cikinsu kansilolin komin ne ke zaɓensu, 20 kuma wakilan sarakuna ne, a nan arewa kaga lamidai da lawanai kenan. Wato kai da ni ba mu jefa musu ƙuri'a kai tsaye, ta hannun kansila muke isa gare su, wannan ma wani dalili ne da zai sa mu daina raina zaɓen kansila.

Ba sa yin doka, amma suna da kasafi suna kuma zaɓen abin da za a sa a gaba: hanyoyin rejiyon, makarantun lise wato sakandare, asibitocin rejiyon da na gunduma, tsarin raya yankin. A shekarun farko abin da aka ba kowace rejiyon wajen sefa biliyan 3 ne, ka raba wannan a kan departema huɗu na rejiyon ɗin Arewa, Benuwe da Faro da Mayo-Luti da Mayo-Rey, ka tuna girman Mayo-Rey kaɗai da nisan Tubboro daga Garwa, sai ka ga dalilin da ya sa muhawararsu takan yi zafi. Kowane wakili yana son a ce ya kawo wani abu gida, sai a yanyanka kuɗin ƙanana ƙanana, kilomita biyar nan, aji biyu can, ƙarshe babu hanya ɗaya da aka gama daga farko har ƙarshe. Ni a ganina gara su zaɓi hanya ɗaya ko biyu a shekara waɗanda ke fitar da auduga da masara da gyaɗa da shanu zuwa kasuwa, a yi su har da gadojinsu, badi a koma wani departema, a rubuta jerin kowa ya san yaushe layinsa zai zo. Zai yi ɗaci ga wanda aka ce ya jira amma ya fi a yi ta yayyafa wa kowa abin da ruwan farko zai wanke.

Kuma Alhaji kada ka ɗauka can ɗin komai lafiya, ƙananan hukumominsu 774 sun daɗe suna kukan jihohi na riƙe musu kuɗi, har sai da kotun ƙolinsu ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye.

TAMBAYA: Malam ni direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, ina ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Kuseri wani lokaci har Njamena. Muna biyan dala ɗari a kowane peyaj, wato shingen biyan kuɗin hanya, muna hawa sikeli, amma ka san halin da Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri take. Depite ɗinmu, wato 'yan majalisar dokoki, me suke yi a majalisa? Ba su ne ya kamata su gyara ba? Daga wani direba, Kuseri.

AMSA: Sannu direba, Allah ya tsare hanya. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanyar ya san abin da kake faɗa, kilomita ɗari biyu da 'yan kai amma ta cinye wa mutum yini, da damina kuwa kamiyo ya kwana uku a wuri ɗaya ba labari ba ne, ga kayan Chadi da ke tasowa daga tashar jirgin ruwan Duwala da yawansu nan suke bi su haye gadar Ngeli. Tarihinta kuma akwai ciwo, an fara aikinta da kuɗin Bankin Duniya, sai a watan Mayun 2014 'yan Boko Haram suka kai hari sansanin ma'aikata a Waza suka sace 'yan Sin goma, aiki ya tsaya cak. Daga baya aka miƙa wa sojojin injiniya, shi ma bai kai inda ake so ba, aka sake komawa neman 'yan kwangila. Rashin tsaro ya taka rawa sosai, haka ma ƙasar wajen, karal ce mai kumbura in ta sha ruwa ta tsage in ta bushe, hanya a kanta sai an ɗaga ta sama an yi mata gindi mai ƙarfi.

Amma batun depite, bari mu gyara fahimta. Depite ba ya gina hanya, ba shi da katafila ba shi da kasafin aiki. Su 180 ne a majalisar dokoki, ga sanatoci 100, suna zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kuma na Nuwamba shi ne na kasafin ƙasa. Gwamnati ce ke kawo kasafin a shirye, ministoci su zo gaban kwamitin kuɗi su kare nasu, a nan ne depite zai iya tsayawa ya tambayi ministan ayyuka ina aka kwana kan hanya kaza, nawa aka sa mata bana, me ya sa ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Yana kuma da damar yi wa minista tambaya a zauren majalisa ko a rubuce. Ɗan kuɗin ƙananan ayyuka da aka saba ba shi na benci ne da rijiya da buhunan siminti, ba na nasiyonal ba. To abin da za ku tambayi naku in ya zo gida shi ne: ranka ya daɗe sau nawa ka ta da maganar hanyar nan, me minista ya amsa, nuna mana. Ƙungiyar direbobi tana da bakin da za ta yi wannan tambayar, ku yi ta kafin Nuwamba.

Kuma kada mu ruɗi kanmu cewa samun babban mutum a sama shi kaɗai ya isa. Cavaye Yeguie Djibril ɗan Mayo-Sava ne, ya hau shugabancin majalisar dokoki tun 1992 ya yi sama da shekara 30 a kai, hanyar kuwa ta ƙofar Mora ta wuce. Manyan hanyoyi irin wannan kuɗinsu yawanci rance ne daga Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ko Tarayyar Turai, da sharuɗɗansu da jinkirinsu. In an dage ana yi, ga gadar Logon tsakanin Yagwa da Bongor an buɗe ta a 2025, yau mota na hayewa inda da sai kwalekwale da jirgin fito. Gadar Palar a Marwa kuma da ta karye a daminar 2020 kowa ya ga yadda gari ya shiga wahala, a kan nasiyonal take, shi ya sa gyaranta bai zama na meri ba duk da a cikin gari take.

TAMBAYA: Me ya sa ake rufe hanya da ƙarfe in an yi ruwa? Muna da kaya masu lalacewa. Daga wani mai tumatir, Mayo-Luti.

AMSA: Ƙanena wannan shingen ruwa ne kuma doka ce ta tanade shi. Hanyar ƙasa in ta jiƙe, babbar mota ɗaya mai lodi za ta iya ɓata abin da aka kashe miliyoyi aka gyara, tayoyinta su haƙa rami biyu ruwa ya bi su ya mai da hanya kwari. Ana tsayar da manyan motoci ne na wasu awoyi har ƙasa ta sha iska. Na san zafin ganin tumatir na laushi a kwando, amma wanda ya ba mai gadi ɗan wani abu aka ɗaga masa ƙarfe ya wuce, ya cuci duk wanda zai biyo bayansa har ƙarshen damina. Inda matsala take shi ne in mai gadin yana buɗe wa wasu yana hana wasu, wannan ku kai ƙara meri.

TAMBAYA: Malam ni kansila ne, karo na farko. An gyara mana wata hanya bara da rani, ruwa uku aka yi ta koma yadda take, mutane suna zagina a kasuwa har na daina zama a majalisar shayi. Yanzu kuma zaman kasafi na zuwa, ƙauyukana biyu ɗaya na son rijiya ɗaya na son hanya. Ya zan yi? Daga wani kansila, Mayo-Kani.

AMSA: Ranka ya daɗe na ji daɗin saƙonka ƙwarai, don ba kasafai kansila ke fitowa ya ce ban sani ba a nuna mini. Farko dai ka koma majalisar shayin nan, ka zauna a zage ka ka yi bayani, gudunsu shi zai sa su ɗauka da kai aka ci.

Hanyar da ruwa uku ya wanke, ba sai na gan ta ba, kusan na san abin da aka yi: gireda ta bi ta kankare sama ta tura ƙasa gefe, aka yayyafa jar ƙasa ba a jiƙa ba ba a danne da rola ba, ba a fitar da lambatu a gefe ba, tsakiyar hanyar ba a ɗaga ta yadda ruwa zai gangara hagu da dama ba. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan aikin kwana biyu bayan an gama, na sa ƙafa na tura sai ƙasar ta tashi kamar gari, na ce wa mai mashin ɗin da ya kawo ni wannan ba za ta ga Yuli ba, kuma ba ta gani ba, wata shida bayan nan a daidai wurin muka sauka muka tura mashin. Maƙiyin hanyar ƙasa ruwa ne, duk kuɗin da ba a fara kashe shi a kan hanyar da ruwa zai bi ba asara ne.

Ga abin da ke hannunka. Mer shi ne mai aikin a doka, kuma ba a biyan ɗan kwangila sai kwamiti ya je ya karɓi aiki ya sa hannu, da injiniyan ma'aikatar ayyuka na departema a ciki. A irin kwangilar da ke da lokacin garanti akan riƙe wani kaso na kuɗinsa, har zuwa kashi 10 cikin 100, sai an yi karɓar ƙarshe. Ka tambaya a zaman majalisa, a rubuta a bayanan zama: wa ya karɓi aikin nan, an yi karɓar ƙarshe ko ba a yi ba, kuɗin garantin yana nan? In yana nan a kira ɗan kwangila ya dawo ya gyara. Lokacin da za a kawo muku lissafin abin da aka kashe bara, wajen watan Maris, nan ma wurin tambaya ne, kada ka ɗaga hannu a kan abin da ba ka karanta ba, ka nemi a ba ku kundin kwanaki kafin zama, in Faransancin lissafi na ba ka wuya ka samu wani malamin makaranta ku bi shi layi layi da dare. Akwai kuma kundin ayyukan gwamnati da ma'aikatar tsare-tsare ke fitarwa farkon kowace shekara, ana liƙa shi, yana nuna kowane aiki da garin da kuɗinsa, ka ɗauki hoton shafin komin ɗinku a waya ka tura wa matasan ƙauyukan su san abin da ake bin su. In ka ga alamar an ci kuɗi ƙiri-ƙiri, hukumar yaƙi da cin hanci CONAC tana da lambar kira kyauta, 1517.

Batun rijiya ko hanya kuwa, ni ba zan zaɓa maka daga Garwa ba, amma ga yadda zan auna in ni ne. Ƙauyen da mata ke tafiyar awa biyu neman ruwa a watan Afrilu, yara na shan ruwan tafki tare da shanu, rijiyarsu ta riga komai, kuma kuɗinta kaɗan ne a kan na hanya, sau da yawa ma ana samun masu tallafa wa ruwa daga waje cikin sauƙi fiye da hanya. Ɗaya ƙauyen kuma kada ka nema musu hanya gaba ɗaya don ba za ka samu ba, ka je da su ku taka ta da ƙafa yanzu da ruwa ke ƙasa, ku ƙirga wuraren da ke yankewa da gaske, za ka tarar ba su wuce biyu ko uku ba, ku sa alama da duwatsu ku ɗauki hoto. Waɗannan wuraren kaɗai za ka kai majalisa, radiye ɗaya da kwalbati, sauran kuma a nemi a yi da hannu, matasan garin a biya su su haƙa lambatu su cike ramuka kamar yadda aka yi a wasu komin na Arewa Mai Nisa ƙarƙashin shirin gwamnati na raya komin, wato PNDP, kuɗin ya zauna a garin. In yankinku na auduga ne ka kuma bincika ko hanyar tana cikin waɗanda kamfanin auduga Sodecoton ke bi da injinansa kafin fara sayen auduga, don kada komin ta kashe kuɗi a inda za a gyara dama.

Sannan ka haɗa jauro biyun a wuri ɗaya kafin ranar zama, ka faɗa musu abin da za ka nema wa kowa da dalili, su ji daga bakinka. In kasafin ya wuce ka sake rubuto mana ka gaya mana wanne aka sa, da nawa, zan buga a wannan filin in sha Allahu.